Itacen birch a Sakkwato: tambayoyin da ake yawan yi mini da amsoshinsu

Ina da ɗan wurin renon itatuwa a gefen fadama, kuma 'yan shekarun nan da wuya wata ya wuce ba a samu wanda ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, irin wannan nake so a ƙofar gidana" ba. In na duba sai in ga dogayen itatuwa farare fat kamar an shafe su da farar ƙasa, jikinsu da zane-zanen baƙi, rassansu sirara suna lilo. Shi ne Turawan Ingila ke kira birch, Faransawa su ce bouleau, masana tsirrai kuma su ce Betula. Ni betula nake ce masa don ya fi zama a bakin Bahaushe. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a tsaye cikin rana, shi ya sa na zauna na tattara tambayoyin wuri guda.

Wane irin itace ne betula, kuma daga ina yake?

Itacen ƙasashen sanyi ne na arewacin duniya: Rasha, Finlan, Suwidin, Kanada, arewacin Amurka, arewacin Sin da Japan, da kan duwatsun Himalaya. Danginsa sun kai iri 30 zuwa 60, gwargwadon yadda masana suka ƙirga su. Wanda aka fi gani a hotuna shi ne Betula pendula, mai farin bawo da rassa masu saukowa ƙasa, wanda mutanen Finlan suka zaɓa a matsayin itacen ƙasarsu a 1988. Yana kai mita 15 zuwa 25. Akwai na Kanada da ake kira Betula papyrifera, wanda mutanen asalin can ke ɗinka kwalekwale da bawonsa, akwai kuma Betula utilis na Himalaya da ke rayuwa har a tudun da ya haura mita 4,000.

Itace ne mai saurin girma, mai saurin tsufa. In gobara ta cinye daji a can, shi ke fara fitowa, don irinsa ƙanana ne ƙwarai, masu fukafukai, iska ke watsa su. Da wuya ya wuce shekara 60 zuwa 90. Kuka da tsamiya kamar jikansu za su ɗauke shi.

To zai yi a Sakkwato?

Ba zai yi ba, ranka ya daɗe. Gara in faɗa maka tun yanzu da in karɓi kuɗinka mu zo muna jin kunyar juna a masallaci.

Mutane sun ɗauka matsalar ruwa ce, alhali ruwan ba shi ne babba ba. Abin da zai ba ka mamaki, ruwan da ke sauka a Sakkwato a shekara, wajen milimita 600 zuwa 700, kusan daidai yake da na Helsinki, babban birnin Finlan, inda betula ke fitowa ko a gefen kwata. Sai dai nasu yana rarrabuwa cikin wata goma sha biyu, wani ya sauko a dusar ƙanƙara ya kwanta ya narke a hankali, rana kuma ba ta da ƙarfin shanye shi. Namu kuwa daga Yuni zuwa Satumba ya gama zuba, sauran watanni takwas sai rana da iska.

Babbar matsalar tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar betula ba ta nutsawa, shimfiɗuwa take yi dab da saman ƙasa kamar tabarma, kuma tana son ƙasar ta kasance da sanyi da danshi kullum. Ka tuna yadda yashin tsakar gidanka yake a watan Afrilu da azahar, lokacin da yaro ba ya iya taka shi ba takalmi. A cikin wannan yashin ne saiwar za ta zauna. Gawo da aduwa da bagaruwa suna tura saiwarsu can ƙasa su nemo ruwa da sanyi, betula bai san wannan dabarar ba, don inda ya fito ba a buƙatarta.

Sai ganyen. Sirara ne, ba su da kaurin da zai riƙe ruwa. A bazararmu zafi na wuce digiri 40 kwana da kwanaki, wani lokaci ya doshi 45, iska kuma busasshiya. Ganyen zai riƙa zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, ko da kuwa ƙasar jiƙe take. Daga gefe yake fara ƙonewa, ya nannaɗe, ya zube.

Na ukun shi ne barci. Betula itace ne da dole ya yi barci kowace shekara. In kwanaki suka fara gajarta a can, sai ya gane sanyi na tafe, ganyensa su koma ruwan ɗorawa su kaɗe, ya rufe idanun tohonsa. Ba zai sake buɗe su yadda ya kamata ba sai ya sha sanyi na makonni masu yawa, irin wanda ke tsakanin digiri 0 da 7 ko kusa da haka. In bai samu ba, tohon ya fito a hargitse, wani reshe ya farka wani ya ƙi, itacen ya yi ta ramewa har ya mutu. Agogonsa ma ba zai yi aiki a nan ba. A Helsinki yini na kai kusan awa 19 a watan Yuni, ya koma ƙasa da awa 6 a Disamba. A Sakkwato bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta wajen awa ɗaya da rabi ne kawai.

Amma ai muna da hunturu, har mutane na kwana da garwashi a ɗaki.

Muna da shi, kuma yana cizo. Sai dai sanyin da ke sa mu naɗe kai da rawani mu ƙi wanka da asuba, wajen digiri 15 ne, in ya tsananta ya ɗan sauka ƙasa da haka, da hantsi kuma rana ta ɗaga ya koma 30. A wurin betula wannan damina ce mai daɗi. Ga shi hunturunmu busasshe ne, yana tsotse ruwan ganye yadda yake fasa mana leɓe da diddige.

Kai ka taɓa gwadawa, ko dai a takarda ka karanta?

Na gwada. Wani matashin likita da ya yi karatu a Rasha ya dawo da iri a cikin ambulan, mahaifinsa ya kawo mini ya ce in tayar masa, yana son ya jera su daga ƙofar gida zuwa zaure. Irin kamar ɓuntun shinkafa da aka murtsuke, in ka yi numfashi da ƙarfi sai ya tashi. A farkon Disamba na zuba su a kan yashin da na wanke na gauraya da ruɓaɓɓen taki a cikin tsohon baho, ban rufe su da ƙasa ba don suna son haske kafin su tsira, na ɗora gilashi a kai, na ajiye a inuwar dogon yaro.

Bayan kamar mako uku wasu suka fito, ƙanana kamar tsiron riɗi. Har na fara jin kaina. Zuwa ƙarshen Fabrairu masu ƙarfin cikinsu sun kai tsawon ɗan yatsa, da ganye masu haƙora-haƙora a gefe, gwanin sha'awa. Alhaji ya zo ya gani ya yi ta sa albarka. Da Maris ya raba, sai gefen ganyen ya fara yin ja kamar an kusanta shi da wuta. Na ƙara rumfa, na rataya jiƙaƙƙen buhu, ina yayyafi safe da yamma. Tsohon da ke taya ni ban ruwa ya tsaya yana kallona, ya ce, "Malam, wanga icce ba ɗan ƙasag ga na ba, bar wahal da kanka." Kafin Afrilu ya ƙare babu ko ɗaya. Da na tumɓuke na ƙarshen, saiwarsa ta yi baƙi ta yi laushi, ruwan da nake ta zubawa ya haɗu da zafin ƙasa ya dafa ta.

Ina da rijiyar burtsatse, zan iya ba shi ruwa dare da rana. Ko hakan ba zai wadatar ba?

Labarin da na ba da yanzu shi ne amsar. Ruwa ba ya sayen sanyi. Ƙari a kan haka, betula na son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, ke tsakanin 5 da 6.5. Wasu sassan yankinmu a kan dutsen farar ƙasa suke zaune, shi ne ma ya sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutsen yakan rage wa ƙasa tsami in ana ta ban ruwa da shi. Wanda butarsa ke yin farin dasashi a ciki ya san abin da nake nufi. A irin wannan ƙasar saiwar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sai ganye ya yi fari-fari, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore.

Na karanta cewa akwai wani iri mai jure zafi.

Akwai, Betula nigra, na bakin kogunan gabashin Amurka, wanda ya gangara kudu har arewacin Fulorida da gabashin Tekzas. Duk danginsu shi ya fi jure zafi, har an fitar da nau'o'insa na sayarwa irin su Heritage da Dura-Heat. Amma a lura da abu biyu. Zafin can mai laima ne, ruwan sama ya haura milimita 1,000 a shekara, kuma duk da haka suna da lokacin sanyin da raɓa ke daskarewa. Sannan shi bawonsa ba fari ba ne, launin kirfa ne da ja-ja, yana ɓarewa a nannaɗe. Wato ko da ya yi, ba shi ne na cikin hoton wayarka ba. Shi ne kuma ya fi saurin yin fari-farin ganye in ƙasa ba ta da tsami.

In na sa shi a tukunya a falo, na kunna na'urar sanyaya ɗaki fa?

Na'urar ba ta kai sanyin da yake nema, falo ba shi da hasken da yake so, wutar ma Allah na tuba. A bar wannan maganar.

Duk Afirka babu inda yake yi?

Yana yi a Afirka ta Kudu. A Johannasbag da kewayenta ana dasa shi a gidaje sosai, saboda garin na kan tudun da ya kai wajen mita 1,750, yana nesa da tsakiyar duniya, kuma a watannin Yuni da Yuli raɓa na daskarewa da dare. Sakkwato kuwa ko mita 350 ba ta kai ba daga doron teku.

Me ke sa bawonsa fari haka?

Wani sinadari ne a cikin bawon da ake kira betulin, fari kamar gari, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Shi ya sa itacen kan ruɓe a daji ya bar bawonsa kamar bututu, kuma bawon na kama wuta ko a jiƙe.

A nan nakan ɗan saki hanya, don tarihin bawon nan ya fi itacen burge ni. Kafin takarda ta wadatu, a kansa mutanen Rasha ke rubutu. A 1951 masu tonon kayan tarihi suka fara gano irin waɗannan wasiƙun a birnin Nobgorod, kuma zuwa yau an samu fiye da 1,000, na ƙarni na 11 zuwa na 15: wasiƙar bin bashi, saƙon miji ga mata, lissafin kaya. Har da na wani yaro mai suna Onfim a ƙarni na 13, yana koyon baƙaƙe, da ya gaji sai ya zana kansa a kan doki a gefe. Duk wanda ya riƙe allo ya san wannan halin. A Kashmir ma an rubuta littattafai a bawon betulan Himalaya. Majemanmu kuma za su so jin wannan: yadda muke jima da bagaruwa har fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya, haka Rashawa a da suke shafa wa fatar da suka jeme man da suke tatsowa daga bawon betula, ya ba ta ƙamshi ya hana ruwa shigarta.

Ni a Ingila nake zaune, ina da fili a bayan gida. Yaya zan kula da shi?

To kai kam bismilla, ga abin da za ka kiyaye. Dasa shi tsakanin Nuwamba da Maris lokacin da yake barci, muddin ƙasa ba ta daskare ba. Nemi wurin da kansa zai sha rana amma gindinsa na cikin inuwa da yamma, galibi gabas ko arewa da gini, kuma ka ja shi nesa da bango da bututun ruwa. Kada ka binne shi fiye da zurfin da yake a tukunyarsa. Ka baza ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye kaurin santimita 5 zuwa 10 kewaye da gindin, amma kada ya taɓa jikin itacen. Shekaru biyun farko, in aka kwana biyu ba ruwa, ka ba shi mai yawa sau ɗaya a mako, ya fi yayyafin kullum.

Wurin rage rassa ne mutane ke kuskure. In ka yanke shi a ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ruwan jikinsa zai yi ta zuba kamar famfo, don lokacin ne yake hawa. A Rasha da Yukren da Finlan ma a lokacin ake huda shi a tari ruwan a sha. Ka bari sai ƙarshen Agusta zuwa kaka, kuma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassan. Hana yara ɓare bawon, inda aka ɓare har ciki baƙin tabo yake bari, farin ba ya dawowa. Masu son ya yi haske sukan wanke jikinsa da ruwa da soso a lokacin sanyi. In ka dasa uku kusa da juna sun fi kyau a ido fiye da guda ɗaya tilo.

Wanda ke Amurka ko Kanada yana da ƙarin abokin gaba, wani ƙwaro mai launin tagulla da tsutsarsa ke cin itacen ta ƙarƙashin bawo. Alamarsa rassan sama su fara bushewa, a ga ƙananan ramuka masu siffar harafin D. Itacen da ƙishi ya raunana yake kamawa, kuma farin betulan Turai ya fi saurin faɗawa hannunsa, na bakin kogi kuwa yana tsallakewa. Sannan in akwai mai asma ko yawan atishawa a gidan, a yi tunani tukuna, don ƙurar furensa na cikin manyan masu tayar da mura da ƙaiƙayin ido a Turai.

Na ga ana rubuta African birch a intanet. Wannan fa?

Yauwa, yanzu muka zo gida. Wannan ba kowa ba ne illa marke. Markenmu dai, wanda kakanninmu ke asuwaki da shi, ake jiƙa sassaƙensa don tari, makiyaya ke ba dabbobi don tsutsar ciki. Masana na kiransa Anogeissus leiocarpa. Ba dangin betula ba ne ko kusa, danginsa su ne baushe da taramniya da geza, amma in ka tsaya ka dube shi da idon mai neman ado za ka ga kamar. Ganyensa ƙanana ne masu laushi, rassansa sirara suna sunkuyowa, bawonsa toka-toka mai dabbare-dabbare yana ɓamɓarewa ya bar fari-fari a ƙasa, 'ya'yansa kuma 'yan dunƙule ne da ke wargajewa su zama iri masu fukafukai. Yana kai mita 15 ko fiye, a wuri mai daɗi ya ninka haka. Inuwarsa ba mai duhu ba ce kamar ta durumi, irin mai tace rana ce, ciyawa da furanni na iya rayuwa a ƙarƙashinta, kuma wannan ita ce siffar da Turawa ke yaba wa betula.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun mai da shi itacen girki da gawayi kawai, saboda yana da nauyi, wutarsa na daɗewa. A kewayen birni sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga babba ba, sai ka nausa kudu wajen dazuzzukan Zamfara da Kabi. A Mali da ganyensa ake rina zanen nan na laka da ake kira bogolan, wanda Turawa ke saye da tsada. Mu kuwa mai gida zai kashe kuɗi a kan itacen da ya gani a waya, in na ce masa marke sai ya ce, "Haba Malam, itacen daji?" Betulan ma a garinsu itacen daji ne, har tumɓuke shi ake yi a gefen titin jirgin ƙasa.

Yaya ake tayar da marke a gida?

Sai da haƙuri, ba zan ɓoye ba. Yawancin irinsa fanko ne, kaɗan ke tsira, don haka a tara da yawa da rani lokacin da dunƙulen suka bushe a kan uwa, a zuba su da kauri a kan yashi mai taki, a rufe sama-sama, a riƙa yayyafi a inuwa. Waɗanda suka fito a mayar da su leda in sun yi ganye huɗu. Wanda ba shi da wannan juriyar ya nemi dashe a wurin masu reno, ko ya tambaya a sashen gandun daji na jiha ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Lokacin dashe shi ne Yuli, in damina ta zauna, ba ruwan farko mai yaudara ba. A haƙa rami mai faɗi da zurfin wajen santimita 50 zuwa 60, a gauraya ƙasar sama da takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki gara yake kira, ya kuma ƙona saiwa. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, na sha tono itacen da ya ƙi girma in tarar da saiwarsa a murɗe cikin leda shekara biyu. A yi masa gurbi kamar akushi don ruwa ya tsaya, a barbaɗa toka a kewaye, a rufe da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikinsa ba, a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Rani biyun farko su ne jarrabawar. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a binne tulun ƙasa marar fenti a gefensa har wuya, a cika shi duk kwana biyu ko uku, a rufe bakin. Ruwan na tsatsowa a hankali daidai wurin saiwa, rana ba ta sha, yaro ma zai iya aikin. Sannan kariya: akuya ba ta san ado ba. A kewaye shi da ƙaya ko kwando ko bulo mai ramuka har ya wuce bakinta, kuma kada a ƙona shara kusa da shi, marke ba ya son wuta. Shekarun farko zai yi kamar ba ya motsi, saiwa yake yi. A bar masa aƙalla mita 5 daga bango.

Ni dai farin jikin nake so. Babu wani mai farin bawo?

Akwai uku, kowanne da halinsa. Turare, wanda wasu ke kira zaiti, ɗan asalin Ostiraliya, shi ya fi kama da hoton daga nesa: dogo, jikinsa sumul, fari da toka-toka, bawon na saɓulewa. Yana girma da sauri kuma ya saba da mu. Amma mashayin ruwa ne, saiwarsa na bin masai da bututu, yana yar da reshe ba sallama, kuma abin da aka shuka a gindinsa ba ya jin daɗi. A gona ko babban fili, jere a bakin iyaka, madalla. A tsakar gida mai ɗaki huɗu, ban ba da shawara ba.

Hano, wanda ake kuma kira ararrabi, shi ne wanda bawonsa ke ɓarewa siriri kamar takarda, abin da ake so a betula ke nan. Ɗan'uwan itacen lubban ne, ƙaronsa na da ƙamshi, kuma da rani bayan ya zubar da ganye yakan yi fararen furanni masu ƙamshi. Ba ya girma ƙwarai, yana son tsakuwa da wurin da ruwa ba ya kwanciya, kuma reshe ake sarowa a kafa kafin damina ya kama, yadda ake shinge da dashi. A ganina shi ya fi dacewa da ƙaramin gida. Matsalarsa ɗaya, masu neman magani in suka gan shi sai sun sassaƙe shi, don haka a cikin gida za a sa shi, ba a waje ba.

Gawo kuma rassansa farare ne tun yana ƙarami, ga shi da ganye kore shar a tsakiyar rani lokacin da kowa ya bushe, ya zubar da damina. Sai dai ƙaya, da girman da yake yi. Na gona ne da babban fili.

In na shafa wa dogon yaro farin fenti fa, ai ya zama fari?

Hajiyar da ta yi mini wannan tambayar da wasa ta yi, amma amsar ta gaske ce. Farar ƙasa da aka dama da ruwa ba ta cutar da itace, tana ma rage wa ɗan dashe ƙunar rana a jiki. Fentin mai kuwa, irin na ƙofa da taga, yana toshe bawo, kada a kusanta shi da itace mai rai.

Wani ya ce zai kawo mini tsiron birch daga waje, ko yana da shi a leda. In saya?

In daga waje ne, shigo da tsiro ko iri sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, kuma dokar na da dalili, don ta haka cututtukan shuka ke ƙetare iyaka. Ni kaina da aka kawo mini ambulan ɗin nan ban tambayi takarda ba, kuma kuskure ne. Bayan ka sha wannan wahalar, abin da zai faru da tsiron a watan Afrilu na riga na faɗa.

In kuwa a bakin titi aka nuna maka shi a leda, yana kore shar a cikin zafin nan, to ba betula ba ne. Murtsuke ganye ɗaya ka shinshina. In ka ji ƙamshin man zafi, turare ne, kuma kada ka biya fiye da kuɗin turare. In ganyen ƙanana ne masu laushi da ɗan gashi-gashi a bayansu, ba haƙora a gefe, mai yiwuwa marke ne, wannan kam ka saya, ka ce a ƙara maka biyu, ka ajiye su a inuwa kana ba su ruwa har Yuli.